Zuwa ga 'yan majalisar Arewa Mai Nisa: a yi wa ruwan Logon da Tafkin Cadi doka

Zuwa ga wakilan Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru a majalisar dokoki ta ƙasa da majalisar dattawa a Yawunde, da mambobin majalisar jiha da ke zama a Marwa.

Assalamu alaikum. Masu girma, ranku ya daɗe. Iyayenmu sarakuna da ke cikin majalisar Marwa, Allah ya ja zamaninku.

Sana'ata fataucin banda, mazaunina kuma Bulanguwa, inda kogin Shari yake gab da zubawa cikin Tafkin Cadi. Da gangan na haɗa ku cikin wasiƙa guda, don kada wani ya ce ba huruminsa ba ne. Na Yawunde, alƙalamin doka a hannunku yake. Na Marwa, tun da aka zaɓi majalisarku ta farko a Disambar 2020, mutum 90, 20 daga ciki sarakuna, ku ne hukuma mafi kusa da mu, ku ne kuma kuka san yadda hanyar Makari take da damina. Roƙona shi ne a yi wa kogin Logon da fadamarsa da ɓangarenmu na tafki doka, wadda masu rubuta ta suka san cewa ruwan nan zuwa yake yi yana komawa.

Duk taron da aka kira kan tafkin nan, jawabin ɗaya ne: a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, daga baya kashi 90 cikin 100 ya tafi. Wannan ya faru. Farin 1972 da 1973 ya raba tafkin gida biyu, tudu da ciyayi suka tsaya tsakanin kwarin arewa da na kudu, farin 1984 kuma ya kusa ƙarasa shi. Iyayenmu da suka biyo kifi daga ƙasar Kabi da Haɗeja sun ga kwale-kwalensu zaune a kan busasshen laka. Sai dai masu jawabi sun tsaya a hoton wancan zamani sun ƙi matsawa. A 2022 da kwale-kwale aka riƙa shiga wasu unguwannin Kusuri da Njamena. A 2024 ruwa ya karya gadar Yagwa, ya shafi mutum sama da 400,000 a jihar nan, a Cadi kuma kusan miliyan 2. Wanda ya kwana a kan jinka a shekarar, in ka ce masa ruwa ne ya ƙare, kallon mai taɓin hankali zai yi maka.

Tafkin ba shi da zurfi. A wurare da yawa dogon mutum zai tsaya kansa a waje, rana kuma tana shanye kusan mita 2 na ruwansa duk shekara. Abin da ke mayar masa, kusan dukkansa, fiye da kashi 90 cikin 100, Shari da Logon ne suke kawowa daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, su haɗu a tsakanin Kusuri da Njamena su gangaro mana. Ruwan sama na ɗaukewa a Satumba, amma cikar tafki sai wajen Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Daga nan ya fara ja. Saboda rashin zurfin nan, ƙarin kamu ɗaya na iya rufe gonaki masu nisa, raguwar kamu ɗaya kuma ta fito da fili ya kai tafiyar yini.

Ku ɗauki fili ɗaya a bayan Darak. A Janairu masunci ne a kansa, yana tura kwale-kwale da gora yana duba gurarsa, tarwaɗa da karfasa na motsi a ciki. A Maris ruwa ya ja, ƙasar baƙa wuluk, da danshi, mutum ya bi sahun ruwan da sanda yana huda rami yana jefa masara da wake, ba taki, ba ban-ruwa. Kafin ya gama cire amfani, shanun Larabawan Shuwa da na Fulani sun iso bakin gonar suna jiran kara da ɗanyar ciyawa. Mutum uku, shekara ɗaya, fili ɗaya, kuma baɗi filin yana iya zama a ƙarƙashin ruwa ko ya yi nisa da shi. Yanzu ku buɗe dokokinmu ku nuna mini inda aka san da wannan fili.

Illar labarin "tafki yana mutuwa" ita ce magani ɗaya tak yake haifarwa: a jawo ruwa daga kogin Kwango. Shirin Transaqua, da kamfanin Bonifica na Italiya ya zana shekaru sama da 40 da suka wuce, magudana ce mai tsawon kilomita 2,400. An sake ɗaga shi a taron Abuja na Fabrairun 2018, ana maganar dala biliyan 50, mutanen Kinshasa kuma sun ce ba da ruwansu ba. Ba ni da ilimin da zan ce zai yiwu ko ba zai yiwu ba a fannin gini, amma na san an shafe shekaru ana taro a kansa, ko cokalin ƙasa ba a haƙa ba, kuma duk lokacin da aka tambayi abin da ake yi wa tafki sai a nuna mana taswirarsa. Wanda randarsa ke yoyo, liƙe ta ya kamata ya fara yi kafin ya je cinikin mai garuwa a wata unguwa.

Yoyon namu yana nan cikin gida, kuma an taɓa gwada liƙe shi ya liƙu. Duk shekara, wajen Satumba da Oktoba, Logon yakan tumbatsa ya malala cikin babbar fadamar nan da Fulani ke kira yayre, daga Pus har Zina har gefen gandun dajin Waza. A can kifi ke shiga ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma cikin ciyawa, sa'annan su biyo ruwa ta Logomatiya su koma kogi, wasu su bi El Beid su faɗa tafki. Bandar da nake ɗaurewa a kwali a Bulanguwa, da yawanta a yayre aka haife ta. A 1979 aka gama madatsar Maga, bango mai tsawon kilomita 27, don noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY, aka kuma tayar da bango a gefen Logon ya toshe mashigun da ruwa ke bi. Abin ya haɗu da shekarun fari. Wani babban yanki na fadamar ya daina samun ruwa, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, wadda shanu ba su damu da ita ba ta maye gurbinta, makiyaya suka canza hanya, masunta suka watse, giwayen Waza suka fara fita neman ruwa cikin gonakin mutane. A 1994, ƙarƙashin aikin Waza-Logon da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta jagoranta, aka fasa bangon aka buɗe mashigar ƙaramar Goroma, a 1997 aka ƙara buɗe wata. Ruwa ya koma inda ya saba, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka biyo su.

Ba ina zagin shinkafa ba ne, iyalai dubbai ke ci daga Maga da Yagwa, ni ma ita nake ci. Abin da nake so ku lura da shi shi ne ruwan 1994 alfarma ce ta wani aiki mai kuɗin waje da wa'adi, ba haƙƙi ba ne da doka ta rubuta. Abin da aka buɗe da alfarma, gobe wani injiniya zai iya rufe shi da takarda ɗaya, kuma mutumin Zina ba shi da kotun da zai kai ƙara.

Dokar ruwa da muke da ita ita ce mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilun 1998. Ta ce ruwa dukiyar ƙasa ce, gwamnati ke kula da shi. Ta hana zuba ƙazanta da guba, ta ce mai ɗibar ruwa don masana'anta ko kasuwanci sai da izini da biyan kuɗi. Duk wannan daidai ne, kuma ya dace da mai kamfanin lemo a Duwala. Amma ba ta yanka wa fadama rabonta ba, ba ta san malalar kogi a matsayin arziki ba, ba ta ce komai kan ƙasar da ruwa ke bari ya koma ya karɓa ba. Babban abin da nake nema ga sabuwar doka ke nan: a rubuta baƙi da fari cewa yayre tana da kason ruwa duk shekara, wanda ba a taɓa shi sai an zauna da masu ci daga gare ta, kuma duk wanda zai gina madatsa ko bango ko hanya a kan Logon, shi ne zai kawo hujjar cewa bai tare wannan kaso ba.

Na ambaci hanya ne da dalili. Bayan ambaliyar 2012 shugaban ƙasa ya zo jihar nan ya yi alkawarin bango mai hanya a kansa daga Gobo zuwa Kusuri, kilomita 330. Mutane suna ta tambayar ina aka kwana, kuma suna da gaskiya, wanda ruwa ya ci gidansa sau biyu ba za a ba shi haƙuri da baki ba. Amma ku da za ku matsa a yi aikin, ku matsa a yi shi da ƙofofi. Bangon da ya kare gari abin so ne. Wanda ya bi gefen kogi tun daga sama har ƙasa babu mashiga, Maga ce ta biyu, kuma wannan karon ba za mu ce ba mu sani ba. Ruwan da aka hana shiga fadama ma ba ɓacewa yake ba, gangarowa yake ya sami Kusuri.

Takardun ƙasa da ƙasa kam ba mu rasa su ba. Ranar 22 ga Mayun 1964, a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, Ahmadu Ahijo da Tombalbaye da Diori Hamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. A 1970 Kamaru da Cadi suka sa hannu a Mundu kan iyakar abin da kowa zai ɗiba daga Logon. A Afrilun 2012 shugabanni suka amince da kundin ruwa na yankin tafkin a Njamena. Cadi ta shiga yarjejeniyar ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018, mu muka bi ta a 2022. Fadamar Waza-Logon kuma tana cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya tun 2006. To, duk wannan wa ke aunawa? Na girma a bakin kogin nan ban taɓa jin an sanar a rediyo cewa bana ga ruwan da ya wuce garin Bongor na Cadi, ga abin da injuna suka ɗiba a gaɓar nan da waccan ba. Doka ta wajabta sandunan awo a kan kogi, a ɗauki mutanen da za su riƙa karantawa a biya su, a riƙa faɗin sakamakon a bainar jama'a. Manomin da ya ji a Oktoba cewa ruwan bana babba ne ya san inda zai kai irinsa, mai gida a bakin gaɓa kuma ya kwashe yaransa da wuri. Kuɗin wannan bai kai na taro ɗaya a otal ba.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. A Agustan 2021, sa'annan a Disamba, aka yi faɗa a ƙasar Logon-Birni tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum. Na Disamba ya tashi ne daga ƙauyen Ulumsa ranar 5 ga wata, cikin kwana uku ya iso Kusuri, kasuwar shanu ta ƙone. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu, ƙauyuka 112 da aka ƙona, sama da mutum 85,000 suka haye Cadi. Jaridu suka ce faɗan ƙabilanci ne. Ruwa ba ya tsami banza. Masunci ya haƙa rami don ya riƙe ruwa da kifi bayan malala ta janye, domin da shi zai ciyar da gida har wata shekara. Makiyayi ya koro shanu zuwa mashayar da kakansa ya saba, saniya ta zurma cikin laka ta karye. Kowane cikinsu yana da gaskiyarsa, kuma babu wata takarda da ta gaya wa ɗayansu tun farko inda ake haƙa da inda ba a haƙa. Haka magudanan kamun kifi da suka cika fadama, dubbai: mutum ya yanka dogon rami daga cikin yayre zuwa kogi, ruwa na fara ja ya kafa raga a bakinsa. Makiyaya na kukan suna tsotse fadama da wuri kuma suna datse burtali, masu su na cewa gadonsu ne. Ba wanda ya zauna ya raba gardamar da awo.

Akwai dokar 1978 da ta kafa kwamitin sasanta manomi da makiyayi ƙarƙashin sufirefe, wato shugaban gunduma. Manomi da makiyayi aka yi ta dominsu, masunci bai shigo lissafi ba, alhali a ƙasar Logon da Shari shi ne na uku a kowace rigima, wani lokaci ma shi ne manomin da kansa in ruwa ya ja. Kuma kwamitin yakan taru ne bayan an yi ɓarna. Sabuwar doka ta sa a riƙa zama duk shekara kafin ruwa ya janye, a kowace ƙaramar hukuma ta bakin ruwa, da sarakunan ruwa da bulamomi da lawanai da ardo-ardo, da matan da ke ƙyafe kifi su ma, a shata burtali da mashaya da wurin haƙa da lokacin shigar shanu. Iyayenmu sarakunan Kotoko na Gulfe, Makari, Kusuri da Logon-Birni sun san wannan tsari, kakanninsu sun yi ta buɗe kamun kifi da rufe shi tun kafin zuwan Bature. Abin da ya rage masa shi ne ƙarfin doka, da kuma idon jama'a a kansa, don kada rabon ya zama na wanda ya fi kai gaisuwa.

Ƙasar da ruwa ya bari ta taɓa kai mu har kotun duniya. Da tafki ya ja a shekarun fari, mutane suka bi shi, ƙauyuka suka tashi a inda da ruwa ne, hukumomin Najeriya suka biyo mutanensu har Darak. Sai da kotun Hague ta yi hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, aka miƙa yankin ga Kamaru a Disambar 2003. Iyakar ƙasa da ƙasa ta zauna. Ta tsakanin talaka da talaka har yau tana hannun mai ƙarfi. Na ga mutum ya share fili, ya biya, ya shuka, wani ya zo da takardar da wani daban ya ba shi a kan filin nan dai. Na ga mai kuɗi ya sayi mashiga sukutum ya kafa dumba, gura a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko ɗan yatsan kifi ba ya wucewa, masu ƙananan kwale-kwale a bayansa suna jefa birgi a ruwan da aka riga aka tace. Na ga ana jan gidan sauro a matsayin taru, a kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai a ci ba a shanya su a rana. Doka ta hana toshe mashiga gaba ɗaya, ta yanke faɗin idon raga, ta sa lokacin hutun kamun kifi. Amma lokacin hutun nan sai an daidaita shi da Cadi, in ba haka ba mu ɗaure kwale-kwalenmu mu zauna muna kallon na tsallake suna kwasa, ba kuwa wanda zai bi irin wannan doka mako biyu.

Kun san abin da rikicin Boko Haram ya yi wa yankin nan tun 2014. Ba zan tsawaita ba. Yaron da aka hana ruwa, aka hana fili, ya ga kuma masu bindiga a tsibirai suna karɓar haraji su ba shi wurin kamu, kada a yi mamakin inda ya nufa. Sojojin haɗin gwiwa suna nasu ƙoƙari, amma raba mashaya ba aikin soja ba ne.

Ina da tsoro ɗaya game da abin da nake roƙo, kuma gara in faɗe shi. A wurinmu sabuwar doka sau da yawa sabon shinge ce. Kwalin banda kafin ya fita daga bakin ruwa ya isa babbar kasuwa, hannayen da ake sa wa kuɗi sun fi ƙarfin lissafi, wani da rasit, wani da "a ba yara na shayi". In dokar ruwa za ta zo ne ta ƙara mutum ɗaya mai littafin rasit, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku rubuta a fili cewa ruwan sha, da shayar da dabba, da ban-ruwan ɗan lambu, da kamun mai ƙaramin kwale-kwale, ba a biyan ko dala. Mai manyan injuna da mai ɗaruruwan eka su ne za su nemi izini su biya, kuma wani kaso sananne na kuɗin ya tsaya a ƙaramar hukumar da aka ɗibi ruwan, a yashe mashigun da yashi da kacalla suka cushe. A kuma fassara dokar a karanta ta a rediyo da Larabcin Shuwa, Kotoko, Musgum, Fulatanci, Barbarci da Hausa. Wanda za a hukunta da ita ya cancanci ya ji ta da harshen da yake ciniki da shi.

Na Marwa, ba sai kun jira Yawunde ba. Kuna da ikon tsara ci gaban jiha da kula da muhalli, kuna iya fara zaman shekara-shekarar nan a Zina da Logon-Birni da Darak tun bana, ku ga inda ya yi da inda bai yi ba, ku miƙa wa 'yan'uwanku na majalisar ƙasa abin da aka gwada. Na Yawunde kuma, kafin a kawo muku daftari daga ofis ku ɗaga hannu, ku nemi kwamitinku ya zo ya saurari mutane a nan. Ku zo tsakanin Janairu da Fabrairu: hanya ta bushe, ruwa bai gama ja ba, masunta da manoma da makiyaya duk suna wuri ɗaya. Ku sauka Kusuri, ku kwana Makari, ku iso Bulanguwa ranar kasuwa. Kwale-kwalen da zai kai ku Darak mu za mu tanada.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani falken banda,
Bulanguwa, Logon da Shari.